Yadda ake gane gasket ɗin kan inji ya ƙone, da yadda ake canza shi

Mai mota ba ya son ya ji makanike ya ce masa "gasket ya ƙone". Abin da ya ƙonen kuwa ɗan falle ne, kaurinsa bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, amma kafin hannu ya kai gare shi sai an kwance kusan rabin injin. Shi ya sa nake ganin kuskure biyu sun fi cutar da mutane a wannan aiki. Na farko, a buɗe inji kan zato, ba a tabbatar gasket ɗin ne ba. Na biyu, a canza shi a mayar da komai, ba a nemi abin da ya ƙona shi ba. Wanda ya yi na biyun ya kashe maciji bai sare kansa ba, bayan 'yan watanni zai sake dawowa da matsala iri ɗaya.

Me gasket ɗin yake yi?

Inji gida biyu ne. Akwai gangar jiki a ƙasa, wadda ake kira bulok, inda fistin ke hawa da sauka cikin silinda. Akwai kuma kan inji a sama, wanda makanikai ke kira tof silinda, inda bawul da fulogi suke. Gasket yana shimfiɗe a tsakaninsu, dogayen notoci sun matse shi. Abu uku yake tsarewa a lokaci guda: wutar da ke tashi cikin silinda, ruwan sanyaya inji da ke zagayawa ta ramukansa, da baƙin mai da ke hawa sama ya sauko ta nasa ramukan. Kowanne da hanyarsa, kuma tsakanin wata hanya da wata wani lokaci 'yan milimitoci ne kawai. Idan gasket ya fashe, alamar da za ka gani ta danganta da waɗanne hanyoyi biyu ne suka haɗe.

Yawancin motocin yanzu tof ɗinsu na alminiyam ne, bulok kuma ko na baƙin ƙarfe ko shi ma alminiyam. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. A zafin da inji ya saba aiki, wajen digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salshiyas, gasket yana jure wannan motsi. Da zarar zafi ya wuce kima, tof yakan lanƙwashe, matsin notoci ya ragu a wani wuri, wutar silinda ta sami kafa ta fara cin gasket. Wannan ne ya fi yawa a cikin dalilan ƙonewarsa.

Alamomin da za ka fara lura da su

Ruwa yana raguwa a lagireto, ka duba ƙarƙashin mota babu ɗigo, ka duba tiyo duk a bushe. Wannan ita ce alamar da ta fi zuwa da wuri, kuma ita aka fi rainawa. Mutum ya yi ta ƙara ruwa kowane mako yana cewa ai mota ce mai shan ruwa. Babu motar da aka ƙera don ta sha ruwan lagireto. Idan ba ya zuba a waje, to ciki yake shiga.

Sai farin hayaƙi mai kauri daga salansa, wanda ba ya ɗaukewa ko bayan inji ya yi zafi, yana da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi idan ruwan sanyaya inji na kanti ne a ciki. Ka bambanta shi da ɗan tururin da mota ke yi da safe lokacin sanyi, wanda ke ɓacewa cikin 'yan mintuna. Shuɗin hayaƙi kuma baƙin mai ne ke ƙonewa, wannan wata magana ce daban.

Akwai kuma inji mai karkarwa da an tayar da shi da safe, kamar fulogi ɗaya ba ya ci, bayan daƙiƙa talatin ko minti guda ya daidaita. Ruwa ne ya tsiyaya cikin silinda da dare, sai da ya ƙone sannan fulogin ya kama. Idan ruwan ya yi yawa, wata rana za ka murɗa makulli inji ya ƙi juyawa sam, kamar an riƙe shi. Kada ka matsa masa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, kuma sandar fistin tana iya lanƙwashewa.

Idan kuma iskar silinda ce ke kutsawa cikin hanyar ruwa, za ka ga tiyon sama ya yi tauri kamar dutse jim kaɗan da tayar da inji, tun ruwa bai yi zafi ba. Robar ajiyar ruwa tana kumfa ko tana amai, allurar zafi tana hawa tana sauka ba dalili, hita kuma ta busa zafi yanzu, an jima ta busa sanyi.

Wadda kowa ya sani ita ce baƙin mai ya koma kalar shayi da madara a jikin geji, wato sandar auna mai, ko ka ga wani farin kitse a ƙarƙashin murfin zuba mai. A nan sai an yi hattara. Motar da ba ta yin doguwar tafiya, kullum ɗan zagaye a kashe, takan tara irin wannan farin kitse a murfi saboda raɓar da ke taruwa a ciki, alhali gasket lafiya lau. Geji shi ne abin dubawa: idan man ya ƙaru a kan alamarsa kuma ya canza kala, ruwa ya shiga. Haka nan mai a cikin lagireto ba lallai gasket ba ne. Motoci da yawa suna da ɗan akwatin sanyaya mai da ruwa ke bi ta cikinsa, idan ya huje mai da ruwa sukan gauraya. A mota mai giya otomatik, man giya yakan bi ta cikin lagireto, shi ma yana iya ɓallewa. Na ga an sauke tof a banza saboda wannan, kuma abin yana da ciwo.

Gwaji kafin a taɓa sifana

Kafin komai, kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Murfin yana riƙe matsi na wajen bar 1, wato PSI 13 zuwa 16 a yawancin motoci, kuma wannan matsi ne ke hana ruwa tafasa har sai ya haura digiri 120. Ka buɗe shi a wannan hali, ruwan zai tafasa nan take ya watso maka a fuska. A bari inji ya huce sarai.

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar kayan aiki. Inji a sanyaye, buɗe murfin, cika ruwa har baki, tayar da mota, ka zuba ido. 'Yan kumfa kaɗan da farko iska ce da ta maƙale. Kumfa mai fitowa ba yankewa, tana ƙaruwa idan an taka totur, iskar silinda ce.

Wanda ya fi wannan tabbaci shi ne gwajin shuɗin ruwa. Wata 'yar kwalba ce ake ɗorawa a bakin lagireto, a zuba mata wani ruwan sinadari shuɗi, a riƙa zuƙo iskar da ke saman ruwan lagireton ta cikinsa da ɗan famfon roba, inji yana aiki. Idan akwai hayaƙin ƙonewar mai a wannan iska, shuɗin zai koma rawaya a injin fetur, ko kore a injin dizal. Ka rage ruwan lagireto kaɗan kafin ka fara don kada ya taɓa sinadarin ya ɓata gwajin. Idan kala ta canza, magana ta kusa ƙarewa. Idan ba ta canza ba, ba a wanke gasket ba tukuna, domin wata ɓarakar ba ta buɗewa sai inji ya ɗauki kaya a kan hanya.

Daga nan sai awon matsin silinda, wato kwamfireshan. A ɗumama inji, a cire fulogogi duka, a cire fiyus ɗin famfon fetur da na wuta don kada ya tashi, a ɗaura ma'auni a ramin fulogi na farko, a taka totur har ƙasa, a juya inji da makulli har allura ta daina hawa. A rubuta, a wuce na gaba. Injin fetur mai lafiya yakan ba da tsakanin bar 10 zuwa 14, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne kusancin lambobin: bambanci tsakanin mafi girma da mafi ƙanƙanta kada ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Silinda biyu maƙwabtan juna su faɗi ƙasa tare, sauran suna sama, kusan kullum gasket ne ya ƙone a siririn wurin da ke tsakaninsu. Idan guda ɗaya ce ta faɗi, zuba ɗan ƙaramin cokali na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake aunawa. Lamba ta tashi sosai, ringi ne, wato zobban da ke jikin fistin, suka cinye. Ba ta motsa ba, to bawul ne ko gasket. Wannan dabarar zuba mai ta injin fetur ce, ba a yin ta a dizal.

Tunda fulogogin suna hannunka, jera su yadda ka ciro su ka dube su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi, sauran suna da ɗan toka-toka, silindarsa ce ruwa ke shiga. Tururi ne ya wanke shi. Idan kana da 'yar kyamarar leƙa rami, za ka ga saman fistin ɗin shi ma yana ƙyalli.

Akwai gwaji biyu da suka rage ga mai kayan aiki. Ɗaya, a ɗaura famfon hannu a bakin lagireto a hura har matsin da aka rubuta a murfi, kada a wuce, a bar shi. Allura ta sauka kuma babu ɗigo a waje, a leƙa cikin silinda, sau da yawa za a tarar da ruwa kwance a kan fistin. Ɗayan kuma, a kawo fistin can sama lokacin da bawul duka suke rufe, a tura iska ta ramin fulogi, a saurara. Iska ta fito ta salansa, bawul ɗin fitar hayaƙi ne. Ta fito ta wajen shaƙar iska, bawul ɗin shiga ne. Ta fito ta murfin mai, ringi ne. Kumfa ta taso a lagireto, ko iska ta fito ta ramin fulogin maƙwabciya, gasket ne ko tsagewar tof. A wurina wannan ya fi kowane gwaji faɗin gaskiya, domin yana nuna maka silindar da kuma hanyar da iskar ke bi.

Ni dai ba na yarda a sauke tof sai gwaji biyu aƙalla sun yi magana ɗaya.

Kafin ka fara kwancewa

Ka tambayi kanka ko injin ya cancanci aikin. Idan an daɗe ana yawo da ruwa cikin mai, metal ɗin karanshaf, wato fallayen ƙarfen da babbar sandar ƙasan inji ke juyawa a kansu, sun riga sun sha wahala. Inji mai ƙwanƙwasa daga ƙasa, ko wanda fitilar mai ke kamawa idan ya yi zafi, sabon gasket ba zai warkar da shi ba. Game da ruwan kwalba da ake zubawa a lagireto wai ya toshe ɓaraka kuwa, yana iya kai ka gida, amma yana iya toshe siraran hanyoyin lagireto da na hita. Ban ɗauke shi gyara ba.

Abin da za ka tanada: littafin gyaran wannan injin takamaimai, domin lambobin ɗauri da tsarinsu sun bambanta daga inji zuwa inji, kuma ba a cinta su. Sai cikakken saitin gasket na sama, sababbin notocin tof idan irin masu miƙewa ne, sifanar awon ɗauri, ma'aunin kusurwa, miƙaƙƙen ƙarfen awo da siraran fallayen auna tazara, baƙin mai da filta, ruwan sanyaya inji, da sabon tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya yi zafi. Idan injin mai bel ne a taimin, wato abin da ke daidaita motsin bawul da na fistin, sayi sabon bel, kuma wannan ne lokacin da ya fi dacewa a canza famfon ruwa tunda hanya a buɗe take. Injin V6 ko V8, da kwantaccen inji irin na Subaru, tof biyu gare su, gasket ma biyu. Idan zafi ne ya ƙona ɗaya, ɗayan ma ya sha zafin nan, gara a yi su tare.

Kwancewa

Inji ya kwana ya huce. Kwance tof ɗin alminiyam da zafinsa yana iya lanƙwasa shi. Cire kan batir na ƙasa, wato nagatif. Juye ruwa da mai a mazubi. Ruwan sanyaya inji guba ne kuma yana da zaƙi, yara da dabbobi suna iya sha, a rufe shi a kawar.

Ɗauki hoto da waya kafin ka cire komai, kuma ka ci gaba da ɗauka a kowane mataki. Manna 'yar takarda a kowace waya da kowane siririn tiyo. Notocin kowane sashe su shiga leda ɗaya da sunansu a jiki. Yau kana ganin ba za ka manta ba, amma bayan kwana huɗu, tof ya dawo daga wurin masu mashin, duk sun zama iri ɗaya a idonka.

Cire bututun iska, wayoyi da kwayil, layin mai bayan ka sauke matsinsa, manifol na shiga da na fita, tiyon ruwa, sai murfin bawul. Notocin manifol na hayaƙi sukan ci tsatsa, a jiƙa su da man sassauta tsatsa tun daren jiya, in ba haka ba su karye a ciki, garin gyaran gira a rasa ido.

Yanzu taimin, inda ya kamata ka fi nutsuwa. Juya karanshaf da hannu ta hanyar da inji ke juyawa har fistin na ɗaya ya zo can sama, alamomin da ke jikin fulin karanshaf da na kamshaf su zauna daidai da nasu na jikin inji. Ƙara taka alamar da fenti, ka ɗauki hoto. Sannan ka sassauta abin da ke ɗame bel ko sarƙa ka cire. Daga wannan lokaci kada a juya karanshaf ko kamshaf barkatai. A injuna da yawa bawul da fistin wuri ɗaya suke amfani da shi a lokuta daban-daban, idan taimin ya goce sai su yi karo bawul ya lanƙwashe.

Notocin tof ba a kwance su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe. Ana farawa daga na gefe-gefe a nufo tsakiya, ana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan, rubu'in juyi ga kowane noti a zagaye na farko, a sake zagayawa sau biyu ko uku har su saki gaba ɗaya. Huda kwali ka soke kowane noti a gurbinsa, don a wasu injuna tsawonsu ba ɗaya ba ne. Idan tof ya ƙi ɗagowa, fara neman notin da ka manta, yawanci akwai ƙanana a wajen murfin taimin. Buga shi a hankali da gudumar roba. Kada ka cusa sukundireba tsakanin tof da bulok, ƙaramin rauni a wannan fuska ya isa ya sa sabon gasket yoyo. Ku ɗaga shi ku biyu, a ajiye a kan katako.

Karanta tsohon gasket, auna ƙarfe

Kada ka yar da tsohon gasket. Kai shi haske ka duba zoben ƙarfen da ke kewaye da kowace silinda. Inda ya ƙone za ka ga baƙin sawu ya ratsa zoben, ko zoben ya tsage, ko tsatsa ta bi wata hanya daga ramin ruwa. Idan ka juya shi gaba da baya ba ka ga aibu ba, hankalinka ya koma kan tsagewar tof ko bulok.

Toshe ramukan mai da na ruwa da tsumma mai tsabta, haka silinda. Kankare ragowar gasket da abin kankara na roba mai tauri, ko reza a kwance a hankali, da ruwan narkar da gasket. Ina roƙonka kada ka sa faifan gurza na injin hannu a wannan fuska. Yana cin alminiyam ya bar kwari da tudu da ido ba ya gani, kuma ƙurarsa mai kaifi tana gangarawa cikin mai ta cinye metal.

Fuska ta yi tsab, sai awo. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfen a kan fuskar tof ta hanya shida: tsawo a gefe biyu da tsakiya, faɗi, da kusurwa zuwa kusurwa sau biyu. A kowane wuri gwada zura fallen awo a ƙarƙashinsa. A injuna da yawa iyakar da aka yarda da ita tana tsakanin milimita 0.05 da 0.10, kusan kaurin gashin kai guda, shi ya sa duban ido ba ya aiki a nan. Littafinka zai ba ka lambar injinka. Auna fuskar bulok ita ma, mutane suna mantawa da ita.

Ko awo ya nuna daidai, idan injin ya taɓa tafasa sosai ina ba da shawarar a kai tof wurin masu mashin su gwada shi da matsi a cikin ruwa. Tsaga takan ɓuya tsakanin mazaunin bawul biyu ko kusa da ramin fulogi. Idan ya lanƙwashe, za su share fuskar kaɗan, amma akwai iyakar kaurin da ba a wucewa, yana cikin littafi. A wuce shi, matsin silinda ya ƙaru, taimin ya ɗan goce, bawul ya matso kusa da fistin. Ka gaya musu irin gasket da za ka sa. Na zamani mai fallayen ƙarfe uku zuwa biyar yana son fuska mai santsi ƙwarai, fiye da tsohon samfuri mai laushi wanda ke iya cike ƙananan ƙarzunai. Tunda tof yana can, a duba zaman bawul a canza robobin wuyansu, suna cikin saitin da ka saya.

Mai injin dizal ya ƙara da wannan: a yawancinsu gasket kauri-kauri ne, ana zaɓa gwargwadon yadda fistin ke leƙowa sama da fuskar bulok. Ana gane kaurin da yawan huda ko tsaga da ke gefen gasket. Duba na tsohon kafin ka sayo.

Ɗaurawa

Ramukan notoci a jikin bulok su fara samun kulawa. Wanke haƙoransu, ka busa iska har su bushe ƙaƙas. Ruwa ko mai ya kwanta a gindin rami, ka ɗaure noti a kansa, ko dai sifanar awo ta yi maka ƙarya ta nuna ya ɗauru alhali bai matse ba, ko matsin ruwan ya tsaga bulok.

Goge fuskokin biyu da abin cire maiƙo. Tabbatar 'yan turakun da ke saita zaman tof suna wurinsu. Ɗora sabon gasket a kan tsohon ka ga kowane rami ya dace, sannan ka shimfiɗa shi, rubutun da ke nuna sama ko gaba yana inda ya kamata. Gasket da aka kifa yana iya rufe ramin da ke kai mai ga kamshaf. A bushe ake sa shi. Ba a shafa masa gam ko giris, sai fa 'yan wuraren da littafi ya ambata, kamar mahaɗar murfin taimin. Sauke tof a kansa a miƙe, kada a ja shi a kan gasket.

Yawancin injunan yanzu notocinsu masu miƙewa ne: an ƙera su su ɗan ja tsawo idan an ɗaure, kuma wannan miƙewar ce ke riƙe matsi daidai. Alamar su ita ce littafi ya ce a ɗaure zuwa wata lamba sannan a ƙara juyi na digiri kaza, misali 90. Irin waɗannan sau ɗaya ake amfani da su, sai in littafi ya ba da awon da za a gwada tsohon da shi. Shafa ɗan mai kaɗan a haƙora da ƙarƙashin kan noti idan haka aka ce, a ɗaura su da hannu tukuna. Ɗauri kishiyar kwancewa ne: daga tsakiya a yi waje, ana zagayawa kamar dodon koɗi, mataki-mataki. Zagaye na farko da ƙaramar lamba, na biyu a ƙara, sannan juyin kusurwa. Ɗiga fenti a kan kowane noti kafin juyin kusurwa, don idan aka kira ka a waya ka dawo, ka san wanda ka juya da wanda ba ka juya ba. Ja sifana a hankali, ja ɗaya ba fizga. Ɗaurin "hannuna ya saba" shi ya fi komai mayar da motoci gareji, komai daɗewar mutum a sana'a.

Mayar da taimin bisa alamominka. Kafin ka taɓa makulli, juya karanshaf da hannu cikakken zagaye biyu. Ka ji ya cije, tsaya, kada ka tilasta, koma ka duba. Ya zagaya lafiya, sake duba alamomi sun dawo daidai. Idan injin mai saitin bawul da hannu ne, saita tazararsu yanzu. Sauran kaya su koma yadda hotunanka suka nuna, kowane da sabon gasket ɗinsa.

Abin da ya ƙona shi tun farko

Kafin ka zuba ruwa, nemi mai laifin. Jefa tsohon tamostat cikin ruwan zafi ka ga ko yana buɗewa, yawanci zafin buɗewarsa yana rubuce a jikinsa, tsakanin digiri 80 da 90 da ɗoriya. Sa sabo, kada ka bar gurbinsa fayau. Cire tamostat gaba ɗaya yana hana inji kai zafin aikinsa, ya ƙara shan mai da cin ringi, a wasu injuna ma ya rikita zagayen ruwan. Duba fanka tana tashi da kanta idan zafi ya kai, duba fiyus da rilenta. Duba fukafukan famfon ruwa ko sun cinye. Lagireton da ya toshe a wanke ko a canza, murfinsa kuma idan robarsa ta mutu a sa sabo mai lamba iri ɗaya. Idan tsatsa ce ta cika hanyoyin, sanadin zallan ruwa ne da aka daɗe ana zubawa. Ruwan sanyaya inji yana da sinadarin hana tsatsa, ana haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa idan ba haɗaɗɗe aka sayo ba. Inji mai ƙarar ƙyal-ƙyal idan ya ɗauki kaya shi ma yana dukan zoben gasket, a duba taimin ɗin wuta da ingancin fetur.

Tayarwa ta farko

Zuba sabon mai da sabuwar filta. Idan mai ya shiga hanyar ruwa, a ɗauraye ta sau da yawa har ruwa ya fito garau, tiyon da suka kumbura da mai a canza su. Cika ruwa a hankali, buɗe notin fitar da iska idan akwai, kunna hita zuwa ƙarshen zafi. Tayar da inji ka bar shi a silo, idonka a kan fitilar mai da allurar zafi. Salansa za ta yi farin hayaƙi na ɗan lokaci, ragowar ruwan da ya taru a cikinta ne, kada gabanka ya faɗi. Jira tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe, fanka ta tashi ta tsaya, hita ta busa zafi ba yankewa. Kashe, bari ya huce, ƙara ruwa zuwa alama. Iskar da ta maƙale a tof tana iya sa sabon gasket ya sha zafi tun ranar farko, don haka wannan mataki ba na gaggawa ba ne.

Wasu tsofaffin injuna masu gasket mai laushi suna son a sake bin notoci da sifanar awo bayan sun yi zafi sun huce. Masu notoci masu miƙewa ba a sake taɓa su.

A makon farko riƙa duba ruwa da geji kowace safiya kafin ka tayar, ka yi tuƙi a hankali ba lodi mai nauyi. Idan ruwa ya taɓa gauraya da mai, sake juye man da filta bayan kilomita 500 zuwa 1,000, domin ragowar ruwan yakan maƙale a lunguna. Fitilar inji ta kama bayan 'yan kwanaki, a sa kwamfuta a duba na'urar auna iskar salansa, ruwan da ya ƙone ta cikinta yakan lalata ta. Bayan mako biyu a maimaita gwajin shuɗin ruwa a bakin lagireto, a buɗe murfin tun inji yana sanyaye, sannan a bari ya kai zafinsa na aiki. Ruwan ya zauna shuɗi, matakin ruwa a roba bai sauka daga inda ka yi masa alama ba, aikin ya kama.